Tayoyin Gwanjon Soja a Motar Shiga Daji: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Masu motocin shiga daji a Kano, wato masu Hilux da Land Cruiser da tsofaffin Land Rover waɗanda noma ko kiwo ko aikin kwangila ke kai su inda kwalta ta ƙare, suna da sha'awa ta musamman ga tayoyin da ake kira na soja. Dalilin a fili yake, domin zanensu yana da zurfi, gefensu yana da kaurin da ƙaya da kututture ba sa huda shi da sauƙi, kuma sau da yawa kuɗinsu bai kai na sabuwar taya mai girmansu ba. Abin da ake mantawa shi ne, kowace tayar soja an ƙera ta ne domin wata mota ta musamman, mai nata nauyin, da nata rim ɗin, da iyakar gudun da ba a wuce shi, a hannun mutanen da aka koya wa yadda ake kwance ta da ɗaura ta. Idan aka raba ta da wannan tsari aka ɗora ta a kan motar farar hula, to duk abin da tsarin yake ɗauke wa direban soja ya dawo wuyan mai motar, kuma daga nan ne galibin kurakuran suke tasowa.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar tayoyin soja a matsayin abu guda. Akwai tsohon samfuri mai saƙar zare a giciye, wanda zanensa sanduna ne a kwance da wata doguwar jijiya a tsakiya, ana rubuta masa NDT ko NDCC. Shi ne jif ɗin Willys na Yaƙin Duniya na Biyu ya taka a girman 6.00-16, daga baya aka yi 7.00-16 da 9.00-16, da kuma 9.00-20 na manyan motocin ɗaukar sojoji. Akwai tayar motar Humvee ta rundunar Amurka, wadda ta fara da 36x12.50-16.5 mai saƙar giciye, sannan ta koma radiyal, wato mai saƙar zare a miƙe daga gefe zuwa gefe, mai lamba 37x12.50R16.5. Akwai kuma dangin Michelin XZL, daga 7.50R16 da ake gani a ƙafar Land Rover, zuwa 335/80R20 ta babbar motar Unimog, har zuwa 395/85R20 ta manyan motocin yaƙi. Bayan waɗannan akwai sababbin tayoyin kasuwa da aka kwaikwayi zanen soja kawai, ba su taɓa shiga bariki ba. Kowane rukuni da halinsa, don haka mai saye ya fara da karanta abin da ke rubuce a gefen tayar kafin ya saurari yabon mai sayarwa. Harafin R a cikin lambar yana nufin radiyal, ɗan karan da ke tsakanin lambobi kuwa, kamar a 9.00-16, alamar saƙar giciye ce.

Kuskuren da ya fi kowane yawa, kuma ya fi cin rai, shi ne auna lafiyar taya da zurfin zanenta. Motocin soja suna yin shekaru a ajiye ba su yi wata tafiya ta kirki ba, saboda haka ana yawan cire musu tayoyi don tsufa, ba don sun suɗe ba. Sai ka ga taya da zanenta cif, har da 'yan gashin robar nan na sabuwar taya ba su kakkarye ba, alhali ta shekara goma sha biyar da fitowa daga masana'anta. Irin wannan kyan ɗan maciji gare ta. Roba tana bushewa ko ana hawa ko ba a hawa, iska da zafi da hasken rana suna cin ta a hankali, kuma riƙon da ke tsakanin robar da zaren ko wayar da ke ciki yana raguwa. Ranar da aka ɗora mata kaya aka hau kwalta da tsakar rana, sai zanen ya ɓare daga jikin tayar gaba ɗaya, motar kuwa tana cikin gudu.

Maganin wannan yana rubuce a jikin tayar. A nemi jerin haruffa da lambobin da ya fara da DOT, a dubi lambobi huɗu na ƙarshe, waɗanda galibi suke cikin wani ɗan zagaye mai kama da ƙwai: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2314, an yi tayar ne a mako na 23 na shekarar 2014. Idan lambobi uku ne kawai, to an yi ta kafin shekarar 2000, kuma babu wata magana da ta rage a kanta. Sau da yawa cikakkiyar lambar a gefe ɗaya take, don haka sai an juya tayar, kuma idan wurin ya yi santsi kamar an goge shi da gangan, ko lambobin sun fi sauran rubutun kaifi, a bar ta. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa tana wa'azin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira. Kamfanin Michelin kuwa shawararsa ita ce ƙwararre ya riƙa duba taya kowace shekara idan ta kai biyar ana amfani da ita, a kuma cire ta idan ta cika shekara goma daga ranar ƙira komai kyan zanenta. A garin da zafin watan Afrilu yake wuce digiri 40, kuma ake jibge tayoyi a fili rana tana dukansu, ni a ganina hankali ya fi kwanciya da ma'aunin da ya fi tsauri.

Lambar shekara ba ta isa ita kaɗai ba. A wanke tayar da ruwa, domin wasu masu sayarwa suna shafa mata baƙin mai ko man goge takalmi ta yi sheƙi, kuma wannan sheƙin yana rufe tsaga. Idan ta bushe, a kwantar da ita a danna gefenta da gwiwa, a duba ko ƙananan tsagogi za su buɗe baki a kusa da leɓenta, wato bakinta da ke zama a kan rim, da kuma cikin kwarin zanen. A soka farce a kan zanen: roba mai rai tana ɗan lotsawa ta dawo, wadda ta mutu kuwa tauri gare ta. Sannan a leƙa ciki da tocila, a shafa da tafin hannu ana neman faci, ko kumburi, ko baƙin garin roba, wanda shi ne shaidar an taɓa tafiya da ita babu iska. Wannan na ƙarshe ya fi yawa a tayoyin Humvee, saboda akwai wani zobe a cikin rim ɗinsu da ke ba motar damar ci gaba da tafiya bayan taya ta fashe, kuma tayar da ta yi irin wannan tafiya gefenta ya riga ya karye daga ciki ko da waje bai nuna ba.

Daga shekaru sai rim, kuma a nan ne rabin inci yake kashe mutum. Tayar Humvee ta rim mai inci 16.5 ce, yawancin motocinmu kuwa 16 ko 17 suke ɗauka. Wanda ya sa tayar 16.5 a kan rim 16 zai ga ta yi masa yawa, leɓenta ba ya kama wurin zamansa, kuma ko an yi dabara da tif ta riƙe iska, tana iya zamewa a kwana. Akasin haka ya fi muni. Wanda ya sayi rim ɗin soja mai 16.5, daga baya ya rasa taya irin tasa a kasuwa, yakan ce a gwada masa ta 16, kuma abin takaicin shi ne za ta shiga, domin bakin rim 16.5 gajere ne, faɗinsa daga waje kusan ɗaya yake da na 16. Sai dai ba za ta taɓa hawa wurin zamanta ba. A nan ne ake jin mai faci yana cewa, “Alhaji, ai ta shiga, iska ce kawai za ta zaunar da ita,” yana ƙara buɗe injin iska, yaronsa kuma yana tsugune a kanta yana zuba ruwan omo. Wayar da ke cikin leɓen tayar tana miƙewa har ta tsinke, kuma idan ta tsinke taya da rim tashi sama suke yi da wanda ke kansu. Amsar da ta dace ita ce, “Malam, dakata, sauke iskar mu karanta rim ɗin.” Girman kowane rim a buge yake a jikin ƙarfensa, kuma dole ne ya yi daidai da lambar ƙarshe ta tayar, ba kusa da ita ba. Ƙa'idar masana'antun taya ita ce kada a wuce psi 40, a ma'aunin iskar taya, wajen zaunar da leɓe. Idan bai zauna ba a haka, a fitar da iskar a nemi dalili. Dabarar nan ta watsa fetur a cikin taya a ƙyasta ashana domin ta zauna, ba ta da wuri a kan kowace taya, balle mai wannan nauyi.

Rim 16.5 yana da wani hali da masu shiga yashi ya kamata su sani. Wurin zaman leɓen taya a jikinsa a karkace yake da digiri 15, kuma galibinsa ba shi da ɗan tudun da ke riƙe leɓe a rim ɗin ƙananan motoci, saboda haka iska ce kaɗai take danne tayar a wurinta. Soja sun magance wannan da rim mai ɓari biyu da ake ɗaurewa da notuna, da wani abin matsewa a ciki da ke danne leɓen biyu ko iska ta yi ƙasa. Wanda ya ɗora tayar a kan rim 16.5 na kasuwa mai ɓari ɗaya, ya rage iska sosai kamar yadda ya saba, zai iya ganin tayarsa ta fita daga rim a tsakiyar rafi.

Shi kansa rim mai ɓari biyu yana da nasa haɗarin. A fuskarsa akwai notuna iri biyu: takwas na tsakiya waɗanda suke riƙe ƙafar a jikin mota, da na kewaye, takwas ko goma sha biyu ko fiye, waɗanda suke riƙe ɓarin biyu a haɗe. Yaron shago da aka ce ya kwance taya, bai taɓa ganin irin wannan ba, yana iya kama na kewayen da sifana alhali taya cike take da iska. Kafin a taɓa noti ko ɗaya na kewaye, a cire ƙwayar bawul, a jira har hucin iskar ya ɗauke gaba ɗaya, a kuma zura siririyar waya a bawul ɗin don tabbatar da ba datti ne ya toshe shi ba. Wajen mayarwa a sa sabuwar robar da ke toshe tsakanin ɓarin biyu, a ɗaure notunan a giciye, kaɗan-kaɗan. Haka dokar take ga rim mai zobe na tsofaffin Land Cruiser da manyan motoci: zoben da ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa a jefar da shi, kada a haɗa zoben wani rim da wani, a ba shi iska a cikin keji ko a ɗaure shi da sarƙa mai ƙarfi, da dogon tiyo, mai ba da iskar yana tsaye daga gefe. Kada kuma a buga zobe da guduma alhali akwai iska a ciki.

Ramukan rim ɗin Humvee takwas ne, na Hilux shida, na Land Rover Defender biyar, don haka ba ya hawa kai tsaye. Ƙari a kan haka cikinsa ya zurfafa da kusan inci 7, domin an yi shi ne don ƙafar Humvee mai giya a cikinta, kuma a wata motar taya sai ta riƙa gugar sifirin ko sandar sitiyari. Abin da wasu ke yi shi ne su kai wa mai walda ya yanke tsakiyar ya liƙa wata. Aikin yana yiwuwa, amma na mai injin gyaran ƙarfe ne da zai auna ya tabbatar rim yana juyawa daidai, ba na ƙiyasin ido a bakin titi ba, kuma ba a taɓa yi wa rim walda da taya a jikinsa, ko da an fitar da iska, saboda zafin yana iya kunna robar daga ciki ta fashe bayan an gama aikin.

Batun tif gajere ne. Idan an rubuta TUBE TYPE a gefen taya, sai da tif. Tayar radiyal kuma tif ɗin radiyal take so, a daidai girmanta, domin wanda ya yi yawa yana naɗewa ya tsage a wurin naɗin. A rim mai zobe dole a sa robar da ke shiga tsakanin tif da ƙarfe. A kuma ɓare duk wata takardar lamba da ke manne a cikin tayar, domin ita kaɗai ta isa ta goge tif har ya huje.

Sai girma, inda son burgewa ya fi yin aiki. Hilux da ta zo da 265/65R17 tsayin tayarta kusan milimita 776 ne, tayar Humvee mai inci 37 kuwa kusan 940, wato ƙarin kashi 21 cikin ɗari. Ma'anar wannan ita ce, lokacin da maleji ya nuna 100, motar tana kan 121 ne a zahiri. Lissafin tafiya ma haka yake raguwa, ta yadda wanda ke jiran ya ga kilomita 5,000 kafin ya yi juyen mai ya riga ya wuce 6,000. Ƙarfin da inji ke kai wa ƙasa yana raguwa da kusan kashi 17 cikin ɗari, saboda haka motar da take tashi da lodin taki cikin sauƙi sai ta koma tana ƙona kuloci, giya ta biyar ta zama ba ta da amfani sai a gangara, mai giyar otomatik kuma man giyarsa ya riƙa zafi. Humvee ba ta jin wannan domin a cikin kowace ƙafarta akwai giya mai rage juyi da kusan ninki biyu, abin da Hilux ba ta da shi. Gyaran gaskiya shi ne a sauya haƙoran aksil na gaba da na baya tare: wanda lambar haƙoran aksil ɗinsa 4.10 ce, lissafi zai kai shi wajen 4.96, kuma 4.88 ne mafi kusa a cikin waɗanda ake samu. Wanda ya sauya na baya kaɗai ya bar na gaba, ranar da ya sa giyar ƙafa huɗu zai ji sakamakon.

Nauyi ma yana biye da girma. Tayar Humvee da rim ɗinta da zoben ciki, a haɗe, suna kai wa kusan kilo 70, kuma birki da boris da shokozoba da sandunan sitiyarin ƙaramar mota ba don wannan aka yi su ba. Birki yana buƙatar tazara mai tsawo kafin ya tsayar da motar, motar ta ƙara tsayi don haka ta fi saurin kifewa a kwana, kuma idan taya ɗaya ta kama dutse ana ba da wuta, sandar aksil ce take karyewa. Ita kuwa 395/85R20, mai tsayin da ya haura inci 46 da nauyin kusan kilo ɗari, wadda lambar ɗaukar kayanta 168 take nufin kilo 5,600 a kan taya guda, ba ta da abin yi a ƙarƙashin motar da ita da kayanta duka wajen tan uku ne. Ga mafi yawan masu zuwa gona a Kura ko Kadawa, ko masu hawa duwatsun Riruwai, 7.50R16 ta wadatar: tsayinta ya ɗan haura milimita 800, kusan daidai da 235/85R16, siririya ce mai yanka laka ta taɓo ƙasa mai tauri, kuma ba ta neman a yanke jikin mota. Duk girman da aka zaɓa, a gwada shi kafin a biya kuɗi, a murɗe sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a hau da ƙafa ɗaya kan tudu domin sifirin ya lotsa, a duba inda taya take taɓawa, musamman tiyon birki.

Iyakar gudu tana rubuce da harafi ɗaya bayan lambar ɗaukar kaya, kuma mutane ƙalilan ne suke duba ta. G tana nufin kilomita 90 a awa, J 100, K 110, L 120. Tayoyin soja da yawa a wannan zango suke, tsofaffin masu saƙar giciye kuma wasu ba su da harafin ma, domin ayarin soja ba ya gudu. Kaurin robar da ke kare taya daga ƙaya shi ne kuma yake riƙe zafi a kan kwalta. Idan aka haɗa tsufa da malejin da ke rage gaskiya da zafin hanyar Zariya a watan Afrilu, mutum zai iya wuce iyakar tayarsa da kilomita talatin yana zaton yana tafiya a hankali. A auna ainihin gudun da manhajar taswira ta waya, a san abin da maleji ke nunawa idan an kai 80 ko 90 na gaskiya, a tsaya a nan, kuma a doguwar tafiya a riƙa tsayawa ana taɓa tayoyin. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi tana da magana.

Wajen ba da iska, kuskuren da aka saba shi ne bin lambar iskar da ke rubuce a gefen taya. Wannan lamba iyaka ce ta lokacin da tayar take ɗauke da cikakken nauyin da aka yi ta dominsa, ba umarni ba ne ga kowace mota. Idan aka cika ta haka a ƙarƙashin mota maras nauyi, tsakiyar zanen kaɗai ke taɓa ƙasa, motar ta riƙa tsalle a kan burji, birki ya rage kamu, tsakiyar kuma ta cinye ta bar gefe. Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya ɓangaren: gefen tayar soja yana da taurin da ko iska ta ragu da rabi ba za ta nuna a ido ba, kuma bugun ta da ƙafa ko da sifana ba ya faɗin komai. Sai geji, da safe kafin a motsa motar. Hanya mai sauƙi ta gano iskar da ta dace ita ce a fara da abin da kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofar direba, a ja layi mai kauri da alli a kan zanen daga gefe zuwa gefe, a yi 'yar tafiya a miƙe a kan kwalta mai kyau, a sauko a duba. Idan allin tsakiya ne ya goge, iska ta yi yawa. Idan na gefuna ne, ta yi kaɗan. Iska tana hawa da kusan psi 1 a duk ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6, don haka tayar da aka auna bayan tafiya za ta nuna fiye da na safe, kuma ba a rage mata a wannan hali.

A cikin yashi, irin na hanyoyin arewacin Jigawa da Yobe ko na ƙetaren iyaka wajen Damagaram, zane mai manyan haƙora ba abokin tafiya ba ne kamar yadda ake zato, domin tona yake yi, kuma direban da ya ƙara wuta binne motarsa yake yi har ciki. Abin da ke fitar da mota shi ne rage iska domin tafin taya ya yi tsawo a ƙasa, galibi zuwa tsakanin psi 15 da 20 a rim na yau da kullum, da tafiya a hankali ba tare da murɗa sitiyari da ƙarfi ba. Amma wanda ba shi da famfon da zai mayar da iskar kafin ya hau kwalta, bai shirya rage ta ba, domin 'yan kilomitoci na gudu da ƙarancin iska sun isa su dafa gefen taya.

Inda tsohon zanen NDT ya fi ba da kunya shi ne kwalta mai ruwa. Ba shi da ƙananan tsagogin da ke share ruwa, kuma jijiyar tsakiyar ita ce kusan kaɗai take taɓa titi, saboda haka a ruwan farko na damina, lokacin da ƙura da man da suka taru a titunan birni suka jiƙe, motar tana iya zarcewa a shataletale ko a gangaren gada da ɗan taka birki kaɗan. Babu gyaran da ya wuce rage gudu da barin tazara, kuma motar da rabin rayuwarta a cikin gari take, tana kai yara makaranta, radiyal ta fi dacewa da ita. Masu saƙar giciye na zaren nailan suna da wata ɗabi'a kuma: idan suka kwana a tsaye, musamman da hunturu, wurin da ya taɓa ƙasa yakan baje, motar ta riƙa karkarwa da safe har sai sun yi ɗumi. Wannan ba lalacewa ba ce. Karkarwar da ba ta tafiya bayan an yi 'yar tafiya ita ce abin bincike, kuma kafin a zargi boris ko a kai ta balansin, a fara kankare busasshiyar lakar da ta maƙale a bayan rim.

Da yake tayoyin gwanjo ɗai-ɗai suke zuwa, ana yawan haɗa abin da aka samu. Radiyal da mai saƙar giciye ba sa zama a aksil ɗaya, kuma a mota mai jan ƙafa huɗu bai kamata su haɗu ba sam, domin yadda suke lanƙwasa a kwana ya bambanta. Ko lamba ɗaya ce a jikinsu, tayoyin kamfani biyu suna iya bambanta a tsayi, don haka a zagaya kowace da igiyar awo bayan an ba su iska daidai, a zaɓi waɗanda suka yi kusa da juna. Bambancin tsayi yana sa giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya aiki ba hutawa. A sayi biyar, ba huɗu ba. Safaya ƙarama a ƙarƙashin motar da ke kan inci 37 ba za ta fitar da kowa daga dajin Falgore ba, kuma taya mai 16.5 ba abin da ake samu a kowace rumfar faci ba ne. A tabbatar kuma jak ɗin motar yana iya ɗaga ta har sabuwar tayar ta bar ƙasa, a ajiye katako mai faɗi da za a ɗora shi a kai a wuri mai laushi, a kuma sake ɗaure notunan ƙafa bayan tafiyar farko.

Akwai kuma batun asalin kayan. Tayoyin da aka yi amfani da su suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta hana shigowa da su, in ban da na manyan motoci daga girman 11.00x20 zuwa sama da ake kawowa domin a sake musu zane. Kayan rundunar soja kuwa ba sa zama na kasuwa sai ta hanyar gwanjon da hukuma ta yi. Saboda haka ko a Ƙofar Ruwa aka saya ko a Sabon Gari, a karɓi rasit mai sunan shago da girman tayoyin da lambobinsu, a ajiye shi tare da takardun mota, domin taya mai kama da ta soja tana jawo tambaya a shingen bincike. Wanda kuma sha'awa ta kai shi ga tunanin yi wa motar fenti ta dace da tayoyinta, ya sani akwai dokar tarayya da ta hana fenta motar farar hula da koren launin soja.